Gadar Onésime Mara Tumbi

Aikina a Valgourde jan ƙararrawa ne, gadon ubana, kuma wanda yake wuni a saman hasumiyar coci yana ganin wautar gari tun tana rarrafe. Na ga iri-iri. Amma ban ga mai tsawon ta Onésime Vialle ba, don tasa daga wannan gaɓar kogi ta tashi sai da ta taɓo waccan.

Onésime maƙerin tarkon ɓera ne. Tarkonsa yana kamu, in dai ɓeran ya riga ya gaji da duniya. A shekarar da aka buɗe gadar waya ta Tournon a kan kogin Rhône, ya ɗora tarkuna a kan alfadarinsa ya tafi can cin kasuwa. Ya dawo da tarkunan kamar yadda ya tafi da su, sai dai ya ƙaro baki. Tun daga gangaren ƙetare muke jin muryarsa, har ya shiga jirgin fiton Régis, ƙanin matarsa, bai numfasa ba.

Na san abin da aka faɗa a jirgin, don ni ma ina ciki da akuyata.

"Na ga gadar da ake ta zuzutawa," in ji Onésime. "Wayoyi ne sirara, irin waɗanda nake lanƙwasawa kullum, aka jera su da yawa aka ɗaure wuri guda suka zama igiya, aka rataya katako a jiki. Shi ke nan fa! Kuma abin kunya, igiyar ta saki tumbi a tsakiya. Mutanen Annonay da suka yi ta ba su iya jan waya ba."

"Mijin Yaya, ka gaya musu kuwa?" in ji Régis yana tura jirgi.

"Na gaya wa mai karɓar kuɗin ƙetarawa."

"Me ya ce?"

"Ya ce in matsa, akwai mutane a bayana. Hassada ce kawai."

"To zauna, kada hassadar kogi ita ma ta same ka."

Onésime bai zauna ba. Ya taka gefen jirgi, ya miƙa hannuwa yana nuna mana yadda waya take tsayawa sambal a hannun wanda ya san ta. Jirgi ya ɗan karkata, akuyata ta matsa, sai muka ga tafin takalmansa. Régis ya kamo shi da ƙugiyar sanda ta bayan wando ya jawo shi, mata masu wanki a bakin ruwa suna riƙe ciki.

Ranar Lahadi, ana fitowa daga coci, ya tsaya a kan matakala ya ɗaga hannu a gaban kowa.

"Ku shaida! Na rantse da kan 'ya'yana, daga yau ni da iyalina, da ko ƙwaya ɗaya ta gonata, ba mai sake shiga ƙwaryar nan ta Régis. Kafin kaka zan kafa gadar waya a kogin nan, miƙaƙƙiya, mara tumbi."

Mutane suka yi dariya. Eulalie matarsa ba ta yi ba, ta jawo yaran jikinta ta dube shi kamar yau ta fara ganinsa. Ta san abin da ya manta. Mu nan alkama ba ta yi a duwatsunmu, shatanyi ne tuwonmu, wani ɗan itace mai ɓawo, shi muke tsincewa a gindin itatuwa da kaka, mu busar a ɗakin hayaƙi, mu niƙa mu ci har hunturu ya wuce. Gonar shatanyin Onésime kuwa a ƙetaren kogi take. Da bazara mutum yakan ratsa ruwan iya ƙirji, amma da zarar ruwan kaka ya sauko daga duwatsu, in ba jirgin Régis ba sai fiffike. Kuma al'adarmu ba ta canzawa: ranar Waliyyi Martin da tsakar rana, in na ja ƙararrawa, duk abin da ya rage a ƙasa ya zama na masu kala da aladu, mai gona ba shi da ta cewa.

"Maigida," ta ce masa a hankali, "da ka rantse da kanka kai kaɗai ai da ya isa."

"Nawa kan ina da aiki da shi," in ji shi.

Washegari ya kora alfadari zuwa Annonay, ya dawo a ƙafa bayan keken shanun wani, cike da nannaɗaɗɗiyar waya. Eulalie ta leƙa bayan keken, ta leƙa hanya.

"Ina alfadarin?"

"Ga shi nan," ya ce, ya daki waya da tafin hannu. "Ya canza kama ne."

"Wa zai ɗauko mana buhunan shatanyi?"

"Mace, mai gada ba ya neman alfadari. Kuma daga yau a daina kirana Onésime gatsal. Injiniya za a ce."

A Tournon ya ji cewa ana dafa wayar a cikin wani mai na musamman don kada ta yi tsatsa. Da ya tambayi farashin man sai ya yanke hukunci cewa mai dai mai ne. Ya ɗauko babbar tukunyar wankin Eulalie, ya juye tulun kitsen aladen da ta tara don hunturu, ya hura wuta a tsakar gida. Ƙanshi ya tashi ya rufe gari. Kafin yamma karnukan Valgourde duka sun hallara a ƙofarsa, har da wasu baƙi daga ƙauyukan tudu waɗanda ba mu san masu su ba. Tsohuwa Scholastique, maƙwabciyarsa, ta leƙo ta kan katanga da kwano a hannu.

"Onésime, biki ake ba a gaya mini ba?"

"Injiniya, Iya. Waya nake dafawa."

"Waya? To in ta nuna a sammini romon, haƙorana ba za su iya da tsokar ba."

Kai wayar ƙetare shi ne aiki na gaba. Régis ya ce a kawo ya ƙetare masa da ita kyauta, ai waya ba iyali ba ce. Onésime ya ce ko ƙusarsa ba za ta shiga jirgin ba. Ya tuɓe riga, ya saɓa naɗin waya mai maiƙo a wuya, ya shiga ruwa, karnuka na biye da shi suna iyo. A tsakiyar kogi ɗaurin ya kwance. Wanda ya san waya ya san ba ta da haƙuri: ta warware gaba ɗaya, ta nannaɗe shi daga kafaɗa zuwa gwiwa tare da wani karen mahauci. Ruwa ya mirgino su su biyu har wurin masu wanki, ɗaya na haushi, ɗaya na ba da umarni.

"Kada ku taɓa! Kada ku lanƙwasa mini ita!"

"Mijin Yaya, yau dai tarkonka ya yi babban kamu," in ji Régis daga cikin jirgi. "A aje ka a haka ko a sake ka a daji?"

Duk da haka, gaskiya ɗaya ce, mutumin yana da naci. Bazarar nan kaf yana ratsa ruwa da waya ɗaya-ɗaya, har ya tara igiyoyi biyu masu kaurin hannu. A Tournon da siririyar waya ake ɗaure su tsaki-tsaki don su zauna wuri guda. Tasa wayar ta ƙare, sai ya ɗaure da igiyar rama, ya shafe ta da sauran kitse. Ta wannan gaɓar ya nemi ya ɗaura a jikin bangon coci, Fada, limamin cocin, ya ce cocin ta ɗauki zunuban garin nan da yawa amma ba za ta ɗauki wannan ba, don haka ya ɗaura a wani dutse da ke bakin mashayar kogi. Ta waccan gaɓar kuwa ya ɗaura a gindin babbar bishiyar shatanyin kakansa, wadda ke tsaye a bakin gonarsa.

"Bishiyar nan kogo ce," in ji Eulalie. "Yara suna shiga cikinta su yi ɓuya."

"Ta tsaya tun kafin a haifi kakana."

"Shi ya sa na ce a bar ta ta huta."

Sai aka zo wurin da zuciyarsa take, wato kashe tumbi. Ya aro dungun katakon da ake matse inabi da shi, ya kafa a bakin dutse, ya sa sanda yana murɗawa. Tsakar rana yake yi, lokacin da zafi ke sa waya ta saki jiki, ya ja, ya koma baya ya kanne ido ɗaya, ya dawo ya ƙara. Wani ɗan tireda da ya taɓa ƙetare gadar Tournon ya tsaya yana kallo, ya ce shi dai a ganinsa tumbin can da gangan aka bar shi.

"Kai ma tumbinka da gangan ka bar shi?" in ji Onésime. "Wuce ka sayar da allurarka."

Ya ja har igiyoyin suka miƙe sambal. Ya rataya katako a ƙarƙashinsu, ƙofar rumbunsa a ciki, gadon surukarsa marigayiya a ciki, da wani benci da mai shagon giya yake nema har yau. Daga hasumiya, in faɗi gaskiya, abin ya yi kyau. Har na ji wani abu kamar alfahari ya taso mini, na haɗiye shi.

Ruwan kaka ya sauko, kogi ya cika ya yi ja. Shatanyi ya fara zuba. Kowane gida ya kwashi kwanduna ya shiga jirgin Régis tun da sassafe, ɗakunan hayaƙi suka fara turnuƙewa ɗaya bayan ɗaya. Na gidan Onésime ne kaɗai a sanyaye. Da sanyi ya fara shigowa, wayar da aka ja da zafin rana ta ƙara ɗamewa da kanta, har in iska ta taɓa ta sai ta riƙa wani siririn kuka. Onésime ya ce waƙa ce, kuma gadar Tournon ko tari ba ta iya yi. Bishiyar kakansa ta fara sunkuyowa wajen kogi. Ya ce gaisuwa take yi. Ɓeraye kuwa, da yake mai tarko ya daina tarko, suka yi yawa a garin, kuma duk suka gano hanyar gada. Kullum sai ka gan su a jere a kan igiya suna cin ramar da ta sha kitse, sun yi ɓul-ɓul.

"Ga masu ƙetarawa ka samu," in ji Scholastique. "Suna biya kuwa?"

Eulalie ta zo bakin gada da kwando a kai.

"Maigida, gada ta tsaya, Allah ya yi maka albarka. Matsa in wuce. Ni kaɗai ce, ba ni da nauyi."

Ya tare hanya da hannuwa biyu. "A'a. A Tournon ba wanda ya taka sai da aka yi gwaji. Aka jibga mata tsakuwa, manya suka zo da huluna suka duba, aka yi kiɗa. Ke kina so a rubuta cewa wadda ta fara taka gadar Vialle mace ce da kwando?"

"Wa zai rubuta? To yi gwajin yau."

"Gaban wa? Kowa yana gona. Sai ranar Waliyyi Martin, ranar da ake cika gari."

"Ranar Waliyyi Martin! Ranar da za a saki aladu?"

"Da tsakar rana za a sake su. Ni da hantsi zan buɗe gada. Jama'a za su biyo ni a baya don murna, kowa ya tsince mana kwando ɗaya, kafin mai ƙararrawa ya tofa yawu a hannu mun kwashe gonar. Lissafi ne, ba za ki gane ba."

"Na gane tukunyata ba komai a ciki."

Régis ya same ta a mashaya da yamma, ina kusa ina ba akuyata ruwa.

"Yaya, ki shigo in kai ki. Ko ni in tsinto miki in kawo, wa zai sani?"

"Da kan yaran ya rantse, Régis. Har da ƙwayar gonar ya haɗa. In wani abu ya sami ɗayansu da hunturun nan, me zan gaya wa zuciyata?"

"Rantsuwar mahaukaci ai ba ta hawa sama."

"Kai ka je ka dawo ka tabbatar mini?"

Ta ɗauki tulunta ta tafi. Ban taɓa jin haushin mutum kamar yadda na ji na Onésime a ranar ba, kuma da maraicen nan ya aiko a tambaye ni ko zan buga masa ƙararrawa ta musamman ranar buɗewa.

Ranar ta zo da sanyi mai tsanani, raɓa ta daskare fari fat a kan ciyawa. Wayar gada tana kuka ko iska babu. Gari ya cika, 'yan kasuwa, masu sayar da aladu, mutanen tudu. A ƙetare kuwa masu kala sun riga sun jeru a iyakar gonaki da buhunansu, makiyaya na riƙe da garken aladu da ƙyar. Duk sun ji labari cewa akwai gona guda da ba a taɓa ba, shatanyi a ƙasa har ba a ganin ƙasar, don haka a bakin ta Onésime suka fi yawa.

Injiniya ya fito cikin kwat ɗin aro mai maɓallan tagulla, wanda hannunsa ya wuce yatsunsa. Ya ɗauko mai ganga. Ya nemi Fada ya sa wa gada albarka, Fada ya tsaya daga nesa ya yayyafa ruwa iya inda hannunsa ya kai. Ya nemi magajin gari ya fara takawa, magajin gari ya ce ƙafarsa na ciwo tun jiya.

"Majiya ƙarfi su zo su tura tsakuwa!" in ji Onésime.

Majiya ƙarfi suka duba sama.

"To, a bar wa mai abu abinsa."

Ya cika baro da jiƙaƙƙiyar tsakuwa, ya tura har tsakiya, ya juye, ya dawo. Katako na ƙara, waya na kuka. Ya sake. Eulalie na tsaye a bakin gada da buhuna a hammata da yara a bayanta, idonta ɗaya a kan rana.

"Maigida, ya isa haka. Ta ɗauka, kowa ya gani. Rana tana tafiya."

"A Tournon sun sa abin da ya fi wannan. Ni ninki zan sa."

"Mijin Yaya," Régis ya kira daga ruwa, "bishiyar kakanka fa gaisuwar tata ta kai durƙuso."

"Kula da ƙwaryarka, gobe tattabaru za su yi ƙwai a ciki."

Ya yi ta kai da kawo har hantsi ya wuce, gumi ya jiƙa kwat ɗin mutane. Da tsakuwa ta yi tudu a tsakiyar gada, ya hau kanta, ya cire hula, ya sa mai ganga ya yi shiru. Ni a lokacin na hau hasumiya, don inuwa ta kusa kaiwa ga alamar tsakar rana da ke jikin bango, kuma daga can komai a tafin hannuna yake.

"Mutanen Valgourde! Ku dubi wayar nan. Akwai wanda ya ga tumbi?"

"Babu!" in ji yara.

"Shekara da shekaru kuna zaune kamar kaji a kwando kuna jiran wani ya tura ku da sanda. Yau na 'yanta ku. Kuma don masu shakka, ku duba nan."

Ya yi tsalle ya dira da ƙafa biyu.

Ɗaurin ramar da ɓeraye suka bari ya fara tsinkewa, ɗaya na bin ɗaya, wayoyin suka rabu suka baje. Sai muka ji wani nishi daga ƙetare. Bishiyar kakan Onésime ta tuge daga gindi, ta taho gaba ɗaya da saiwarta, ta faɗo bakin kogi ta maƙale tsakanin duwatsu. Tsakuwa ta tafi. Baro ya bi ta. Ƙofar rumbu, gadon suruka, bencin mai shagon giya, duk suka zube ruwa suka kama hanyar Rhône.

"Bencina!" in ji mai shagon giya. "Ashe kai ne!"

Igiya ɗaya ta tsira, amma yanzu ta saki har ta kusa shan ruwa. Onésime ya cafke ta, sai dai abin da aka dafa da kitse ba ya riƙuwa. Ya zame a kanta yana ihu har ƙasan lanƙwasar, inda wani tsinken waya ya soki bayan kwat ɗin ya rataye shi. Ya tsaya yana lilo a tsakiyar kogi, ruwa na jan takalmansa, ɓeraye biyu na zaune a kafaɗarsa don su ma ba su da wurin zuwa.

Dariyar da aka yi ta sa tattabarun hasumiyata tashi.

"Injiniya!" in ji Scholastique. "Yanzu kam ga tumbi, har da cibiya!"

Eulalie ta miƙa wa tsohuwar hannun ƙaramin yaron, ta gangara mashaya da buhunanta, ta ɗaga siket ta shiga jirgin ƙaninta. Dariya ta ɗauke.

"Yaya, rantsuwar fa?" in ji Régis.

"Da kan yaran ya rantse. In na ci gaba da riƙe masa ita, yunwa ce za ta zo ta karɓi kawunan. Tura."

Jirgi ya bi ta gefen inda Onésime ke rataye. Régis ya sassauta, ya miƙa ƙugiya.

"Sako ƙafarka, Mijin Yaya."

"Kada ka taɓa ni! Eulalie, fita daga abin nan! A gaban mutane za ki kunyata ni?"

"In fita in taka me?"

"Gyara kaɗan ne. Wayar ba ta yi laifi ba, kowa ya gani, bishiya ce ta ci amana. Ki ba ni mako guda."

"Wuyan kwat ɗin yana yagewa fa," in ji Régis.

"Ko zai yage ba zan shiga ba. Ni mutum ne mai magana ɗaya."

"Ka ji shi," in ji Eulalie. "Mutum ne mai magana ɗaya. Bar shi da ita, ka kai ni."

"Yaya, in ya faɗa fa?"

"Masu wanki sun saba tsamo shi. Tura, Régis, don Allah tura."

Régis ya tura. Amma cacar bakin ta ci abin da ya rage. Inuwa ta hau kan alama. Daga ƙetare masu kala suna ɗaga mini hannu suna ihu, "Mai ƙararrawa, barci kake?" Su ma da yaransu a gida, kuma wannan ranar ce kaɗai tasu a shekara. Ƙararrawar Waliyyi Martin ba ta jiran kowa, ko magajin gari ne. Na ga Eulalie ta ɗago kai daga tsakiyar ruwa ta dubi hasumiya. Na tofa yawu a hannu na ja igiya, raina a ɓace.

Aka saki aladu. Suka kwarara cikin gonar Vialle, mutane na biye da gudu da buhuna a buɗe. Kafin jirgi ya taɓa gaɓa, kowane gindin bishiya ya sami mai shi.

Onésime yana kallo daga inda yake lilo. Ya yi ta ihu cewa gonarsa ce, a fita, zai kai ƙara. Da ya ga ba mai waiwayowa sai ya juyo da kai wajen jama'ar da ke wannan gaɓar, ya fara yi musu bayanin cewa gada ta gaba da bishiyoyi biyu zai ɗaure ta.

Eulalie ta haye gangaren da rarrafe. Ta durƙusa a gindin wata bishiya da ita ta dasa da hannunta shekarar aurenta, ta ture hancin wata uwar alade, ta fara tsinta tana zubawa a buhu. Abin da ya biyo baya ita ta gaya mini da bakinta. Wata mata daga ƙauyukan tudu, wadda ba ta san ta ba, ta dafa mata kafaɗa.

"Baiwar Allah, nemi wani gindin. Nan ni na riga ki."

Eulalie ta ɗauki buhunta ta matsa gaba.